Gwajin Filo Saitometiri Kan Sankarar Jini Ta AML: Inda Ake Yin Tuntuɓe

Filo saitometiri gwaji ne da na'ura ke karanta alamomin ƙwayoyin jini da na ɓargo ɗaya bayan ɗaya, AML kuma sankarar jini ce mai saurin tsananta da ke farawa daga ɓargo. Yawancin sakamakon filo da ya fito a karkace, tun a bakin gadon majinyaci ya lalace, kafin na'ura ta ga komai.

Zuƙon farko na ruwan ɓargo shi ne rabon filo, kuma kada ya haura mil 5. Da an ci gaba da jan sirinji, jini ne zai biyo baya ya tsarma ɓargon, sai ƙwayoyin cutar su fito ƙasa da yawansu na gaskiya. A zuba a kwalbar EDTA mai murfi shunayya, ko ta hefarin (duk biyun masu hana jini daskarewa ne), a jujjuya a hankali don kada ya yi gudaji. Fomalin, ruwan adana nama, na gutsuren ƙashi ne, ba na wannan ba.

Sai batun hanya. Zafin Gombe a Maris da Afrilu yakan kusanci digiri 40, samfurin da ya wuni a but ɗin mota kuwa ƙwayoyinsa sun soma mutuwa. Firiza ma kisa ce. Kula mai ɗan sanyi ta wadatar, ƙanƙara kada ta taɓa kwalbar, a isa ɗakin gwaji cikin kwana uku, da so samu ne washegari.

Wasu na zaton ƙaramar na'urar ƙirga CD4 ta masu ƙanjamau za ta yi aikin. Dangi ne, amma AML tana buƙatar a duba alamomin ƙwayoyi da dama a tare: CD45, CD34, CD117, CD13, CD33, HLA-DR da MPO.

Idan HLA-DR da CD34 duk babu, ga majinyaci dasashi na zubar da jini, a yi zargin APL, wani nau'in AML mai jawo zubar jini. A nan ba a jiran tabbacin PML::RARA, wato sauyin ƙwayar halitta da ke tabbatar da APL, nan take ake fara maganin ATRA, domin zubar jinin na kisa cikin kwanaki.

Kashi 20 cikin 100 na ƙwayoyin cutar da ake nema kafin a ce AML ce kuma a madubin likita ake ƙirga shi, ba a filo ba.

Wajen bibiya bayan kemo ne aka fi ruɗewa. Ɓargo mai farfaɗowa yana fitar da ƙananan ƙwayoyi lafiyayyu masu CD34, wanda bai saba ba sai ya ce cuta ta dawo. Shi ya sa ake haɗa samfurin da takardar gwajin farko, a kwatanta alamomin. Ƙa'idar ELN, ƙungiyar masana sankarar jini ta Turai, ta 2021 ta ajiye iyakar sauran ƙwayoyin cuta a kashi 0.1 cikin 100, a karanta ƙwayoyi aƙalla 500,000. Sakamakon "babu saura" daga ƙwayoyi 20,000, a maimaita shi.