Matakan Sayen Harsashi Bisa Doka a Jihar Kalifoniya

Tun daga 1 ga Yuli, 2019, Ma'aikatar Shari'a ta jihar Kalifoniya a Amurka take tantance mai sayen harsashi kafin a miƙa masa kaya.

1. Ka tabbatar shekarunka sun kai 18 idan na doguwar bindiga kake nema, ko 21 idan na ƙaramar bindiga ne.

2. Ka je wurin dillali mai lasisi da kanka, riƙe da lasisin tuƙi ko katin shaida na jihar. Ko ta intanet ka saya, wurin dillalin za a kai kayan.

3. Idan kana da bindiga a rajistar jihar, bincike na 'yan mintuna ya wadatar, muddin suna da adireshin da ke katinka sun yi daidai da na rajistar. A nan mutane da yawa suke tuntuɓe, domin wanda ya sauya gida bai gyara bayanansa ba ana ƙin amincewa da shi, don haka gara ka gyara tun kafin ka je.

4. Idan ba ka da rajista, za ka biya dala 19, ka jira kwanaki, sannan ka karɓi kayanka cikin kwana 30 bayan amincewa.