Yadda za a daidaita gidajen hoto a matplotlib idan wasu sun fi wasu faɗi

Ɗaliban da ke aiki da hotunan tauraron ɗan adam a Bauchi da Gombe kan ci karo da wannan: ka yanko gida 100 tsawo, 100 faɗi daga hoton tauraron Landsat na gonakin Dadin Kowa, kowane gida mita 30 ne a ƙasa, ka zana da imshow, umarnin nuna hoto na matplotlib (kayan aikin zane na Python), sai ka ga wasu layuka sun yi ƙiba, wasu sun rame. Bayananka lafiya lau suke. Lissafi ne bai raba daidai ba.

Idan ba ka canza komai ba, matplotlib na buɗe fili mai inci 6.4 da 4.8 a kan dpi 100 (fiksel, wato ɗigon hoto, 100 a kowane inci), ke nan fiksel 640 da 480. Bayan an ware gefe don lambobi, tsayin da ya rage wa hoton fiksel 369.6 ne. Raba shi gida 100, kowanne zai samu 3.696. Fuskar kwamfuta ba ta san rabin fiksel ba, don haka kimanin gida 70 za su ɗauki huɗu huɗu, 30 su ɗauki uku uku. Bambancin fiksel ɗaya ne tak, amma tsakanin uku da huɗu ido na kama shi nan take. Kuma tun sigar 3.2, idan faɗaɗawar ta wuce ninki uku, imshow na kwafe kowane gida yadda yake ba tare da gauraya launi ba, shi ya sa aibin ke fitowa fili.

Maganin shi ne ka sa rabon ya fito cif. Zaɓi fiksel nawa kake so kowane gida ya samu, a ce biyar. Gida 100 sau biyar fiksel 500 ne, to sa figsize=(5, 5) da dpi=100, ka samu 500 ɗin. Sai add_axes([0, 0, 1, 1]) domin hoton ya cika filin baki ɗaya, ka kashe lambobin gefe, ka sa interpolation='nearest', wato kwafe gida ba tare da gauraya launi ba. Wajen adanawa ka maimaita dpi ɗin, kuma kada ka sa bbox_inches='tight', domin yana yanke gefe ya sake girman fayil ɗin. In kana buƙatar sandar launi (colorbar, mai nuna ma'anar launuka), ƙara wa filin faɗi, amma ka lissafa wurin hoton ya tsaya a 500.

Idan hoton kaɗai kake so, plt.imsave ya fi sauƙi: gida ɗaya, fiksel ɗaya. Ka ninka layukan da np.repeat tukuna in ya yi ƙanƙanta.

Don aikin da za a buga a takarda, adana shi a PDF ko SVG da interpolation='none'; a nan ana saka bayanan yadda suke. Sai dai wasu manhajojin karanta PDF kan dusashe gefunan, to sai ka koma pcolormesh, mai zana kowane gida da kansa.

A kula: in gidajen sun fi fiksel yawa, misali layi 1000 a cikin 370, 'nearest' zubar da layuka yake yi gaba ɗaya, har siririyar hanyar ruwa ta ɓace. A nan yi amfani da saitin asali, ko ka ƙara dpi.

Bayan ka gama, duba fayil ɗin a girmansa na kashi 100. Jan kusurwar hoto a Word, ko tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, na sake ɓata rabon. Adana a PNG maimakon JPEG, ka tura shi a matsayin fayil.