Danshi da funfuna a bangon ɗakin kwana: inda ake yawan yin kuskure

Da zarar marka ta zauna a watan Agusta, sai ka ji ɗaki ya ɗau wani wari mai tsami, bayan gado ya yi baƙi, fenti ya kumbura yana ɓarewa. Abin da yawancin magidanta ke fara yi shi ne sayo fenti a shafe wurin. Wannan shi ne babban kuskure, domin funfuna alama ce kawai ta ruwan da ke cikin bango, kuma muddin ruwan na nan, kafin wata guda za ta sake ɓullowa ta saman sabon fentin.

Kafin a kashe ko sisi, a gano ta inda ruwan yake shigowa. Idan jiƙar ta taso daga ƙasa ne, ta tsaya wajen ƙugu, kimanin mita ɗaya, ga farin gari kamar kanwa a bakin tabon, to bangon ne ke tsotso daga tushe. An fi ganin haka a garuruwan fadama irin na yankin Haɗeja, Auyo da Ringim, inda ruwa ke kusa. Idan tabon daga sama ya gangaro, a hau rufi a duba: indararo ya toshe ko ya tsage, ko ƙusar kwano ta saki. Idan kuwa ɗigo-ɗigon baƙi ne a lungu da bayan sif, to iska ce ba ta zagayawa. Wanda ya kasa bambancewa ya manna leda mai faɗin taƙi ɗaya a bango, ya liƙe gefenta huɗu da salatif, ya bar ta kwana biyu. Raɓa a ƙarƙashin ledar na nufin ruwan daga bango yake. Raɓa a samanta, daga iskar ɗakin ne.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne yi wa ginin ƙasa fulastar siminti don a tare danshi. Bangon laka yana shan ruwa, yana kuma fitar da shi idan rana ta buga. Siminti kan rufe masa hanya, ruwan ya taru a baya, lakar ta narke a ɓoye. Ƙwanƙwasa wurin da ɗan yatsa za ka ji yana amo kamar ƙwarya, wata rana kuma fulastar ta zubo gaba ɗaya har da naman bangon. Ginin ƙasa yaɓen ƙasa yake so, wanda aka cuɗa da ciyawa aka bari ya ruɓa, a bi shi da makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, ta waje, a ciki kuma a shafa farar ƙasa. Fentin mai ma haka yake toshe bango, ko da na bulo ne.

Sai kuma gindin bango ta waje, wanda mutane ba sa kallo. Shara da toka da ƙasar tsakar gida kan taru shekara da shekaru har waje ya fi daɓen ɗaki tudu. Wani kuma ya ɗaure awaki a jikin bangon, ko ya girke randa, ko makewayi ya jingina da ɗakin. A kwashe ƙasar har daɓen ɗaki ya fi waje tudu da aƙalla santimita 15, a yi gangare ruwa ya riƙa gudu nesa da gini, a buɗe rariya. Indararo ya zama mai tsawo, a kuma jera duwatsu inda ruwansa ke sauka don kada ya fantsamo wa bango. Mai sabon gini kada ya yarda magini ya tsallake shimfiɗa leda mai kauri a kan tushe kafin a ɗora bulo. Kuɗinta kaɗan ne, rashinta kuwa ba ya gyaruwa da sauƙi.

Wajen wanke bango, kada a kankare funfuna a bushe da tsintsiya, domin ƙurarta ce ke tayar da tari da asma, musamman ga yara da tsofaffi. A bangon siminti, a haɗa kofi ɗaya na bilic, irin su Hypo ko Jik, da kofi goma na ruwa, a buɗe ƙofa da taga, a rufe hanci, a sa safar hannu, a goge da tsumma, a bar shi minti goma sannan a ɗauraye. Kada a kuskura a gauraya bilic da maganin wanke masai, hayaƙinsu guba ne. A bangon laka kuwa, a ɗan yayyafa ruwa a kankare fatar da ta lalace a fitar da ita waje.

Gaggawa ma tana ɓata aiki. Bangon da ya sha ruwan damina ba ya bushewa a mako guda. A jira hunturu ya busa shi sosai, sannan a yi sabon yaɓe ko fulasta. Ga bulo, kwano ɗaya na siminti da huɗu na yashi mai tsabta. Kafin lokacin, a janye gado da sif daga bango kamar faɗin tafin hannu, a ɗaga katifa daga daɓe, a riƙa fitar da ita rana, a daina shanya jiƙaƙƙun kaya a ɗaki, a kuma cire tsumman da aka cusa a taga tun sanyin bara.