Ga mai son gwada sigar ganye karon farko

'Yan uwa, wannan naɗaɗɗiyar tabar ganye irin ta Kuba ba kamar taba sigari take ba, kada ku sha ta yadda kuka saba. Abu na farko, ba a haɗiye hayaƙinta. A ja shi cikin baki, a ɗanɗana, a fesar. Ko da haka tana jawo sankarar baki da maƙogwaro, don haka wanda bai taɓa shan taba ba, gara ya bar ta.

Wanda ya riga ya yanke shawara, ya nemi ƙarama mai bawo ruwan ƙasa mai haske, irin ganyen jihar Konetikat ta Amurka, ko na Kamaru mai ɗan zaƙi. Ya matsa ta a hankali da yatsu biyu. Idan ta yi ƙaras, ta bushe, kuma lokacin hunturu nan da nan take bushewa.

A yanke rufaffen kan da ake sawa a baki kamar milimita 2 kawai, in ba haka ba ganyen zai warware. A kunna da ashana bayan ƙamshin kibiritun ya wuce, ana juya ta. Zuƙa ɗaya a minti ya isa. Don Allah a ci abinci tukuna. Na ga wanda ya sha da yunwa, gumi ya karyo masa, jiri ya kwashe shi, sai da aka ba shi shayi mai sukari.