Yadda za ka riƙa bin sawun fulayin bot ɗinka a ruwan Yauri

In kana da ɗan jirgin nan mai inji, kana jigilar mutane tsakanin Yauri da Wara ko ƙauyukan bakin tafkin Kainji, don girman Allah ka sa mishi tiraka, wato 'yar na'urar da ke nuna maka a waya inda jirgin yake. Jirgin da ke cin kilomita 40 a awa, cikin minti 15 ya yi kilomita 10, to in wani abu ya faru tsakiyar ruwa daga ina za a fara nema? Ba mu manta haɗarin Wara na Mayun 2021 ba, kwana da kwanaki ana laluben 'yan uwanmu cikin ruwa.

Irin tirakar mota ce dai, amma ka duba ka ga an rubuta IP67 a kwalin, ita ce ruwa bai shiga da sauƙi. Ka sa mata layi mai data, jar waya a fulas na batir, baƙar a mainas, ka sa fiyus tsakani. Kar ka cusa ta ƙarƙashin ƙarfe, sai ta samu tauraron ɗan adam aƙalla 4 kafin ta san inda take. Ni ƙarƙashin bencin gaba nake ɗaure tawa da robar taya, don in jirgi ya ɗaga kai yana dukan ruwa komai sai ya kwance.

Abin da ke rikita mutane shi ne sabis. Tiraka ta san inda take ko babu sabis, turo maka ne ba za ta iya ba, shi ya sa ranar farko ka bi hanyar da kanka ka haddace wuraren da ɗigon da ke nuna jirgin ke daskarewa a taswirar waya, kuma ka saita ta ta riƙa turowa duk sakan 10, ba minti ɗaya ba. Hanyar da kuka bi lafiya lokacin janyewar ruwa ka adana ta, saboda kututturan da ke ɓoye.

Babu kuɗin tiraka? Direba ya kunna lokeshan na kai tsaye a WhatsApp ya zaɓi awa 8, ya sa wayar a leda.

Kuma lallai a bar mutum a tasha yana kallon waya. In ɗigo ya tsaya minti 5 inda akwai sabis kuma ba wurin sauke fasinja ba, ya kira direba, in bai ɗauka ba, ya tura wani jirgi nan take da lambobin wurin da taswira ta nuna.