Darasi na 9: Hita mai tanki ko marar tanki?

Hitar ruwa iri biyu ce. Akwai mai tanki, wadda ke tara ruwa, ta ɗumama shi, ta ajiye. Akwai kuma marar tanki, ɗan akwati ne da ake kafawa a bango. Ita ba ta ajiye ruwa. Idan ka buɗe famfo, ruwa zai ratsa ta cikinta ya fito da zafi. Kana rufewa, sai ta mutu.

Me ke sa mutane sha'awar canzawa? Ruwan tanki yana hucewa ko ba a taɓa shi ba, sai hitar ta sake kunna kanta. Tsakar dare, kowa na barci, ita tana shan wuta. Ga shi kuma idan mutum uku suka yi wanka a jere, na huɗu sai ya jira. Marar tanki ta raba ka da waɗannan biyun. Ta kuma fi ƙarko: takan kai shekara 20, mai tanki kuwa 10 zuwa 15.

Amma kada ka yi saurin ɓalle tsohuwar. Fara da wannan gwaji. Ɗauko bokiti mai cin lita 10, ka tara shi ƙarƙashin shawa, ka buɗe ruwa kamar yadda ka saba, ka duba agogo na minti ɗaya. Mu ce ka sami lita 8. Kafin a ɗaga zafin lita 8 daga digiri 15 zuwa 40 cikin minti ɗaya, sai an sami wutar da ta kai kilowat 14. Kamar ka kunna dutsen guga mai kilowat 1 har guda 14 a lokaci guda ke nan. Mai tanki takan wadatu da kilowat 2 ko 3, domin a hankali take aikinta, ba mai kora ta.

Nan ne gizo ke saƙa. Wayoyin gidaje da yawa ba za su ɗauki wannan nauyi ba. Siririyar waya za ta yi zafi, robarta ta narke, har ta kai ga gobara. Don haka kafin ka je wurin mai sayarwa, kira mai gyaran wuta ya duba waya da mita. Sau da yawa kuɗin sake waya ne ke cinye ribar da ake hange.

Idan hitar mai aiki da gas ce, dole a yi mata bututun da zai fitar da hayaƙi waje. Gas da bai ƙone sosai ba yana fitar da wata iska mai guba, ba launi, ba wari, kuma tana kisa. Wannan ba aikin ɗan koyo ba ne.

Duba ruwanka ma. Idan sabulu ba ya kumfa sosai, ko kana ganin farin ɓawo kamar alli a gindin tukunyar dafa ruwa, irinsa zai taru a cikin siraran bututan hitar. Sai an riƙa wanke ta da ruwan khal kamar sau ɗaya a shekara. Haka kuma idan ruwa ba shi da ƙarfi, yana zuwa tsiri-tsiri, ba za ta kama ba sam.

A ganina, gida mai mutum biyu ko uku, mai waya mai kauri da wutar da ba a yawan ɗaukewa, shi ya dace da marar tanki. Inda ake ɗauke wuta kuwa, tanki ya fi rufin asiri, don ruwan da ya ɗumama da asuba zai kai ka hantsi. Idan tsohuwar ba ta yoyo, bar ta sai ta gaji.

Aikin gida: Auna ruwan shawarka da bokiti. Rubuta lita nawa ka samu a minti ɗaya, da yawan masu wanka da safe a gidanka. Kawo takardar zuwa aji mu yi lissafin tare.