Kurakuran da muke yi wajen koya wa ɗaliban sakandare rajista da kaɗa ƙuri'a

Shekarar da na fara shirya zaɓen gwaji a ajin ƙarshe na babbar sakandare, na ɗauka aikin minti ashirin ne. Na zana alamomin jam'iyyun da na ƙirƙira, ɗaya tulu, ɗaya fartanya, ɗaya faifai, na aro tawadar hatimi a ofishin shugaban makaranta, muka huda kwalin taliya ya zama akwati. Da aka zo ƙirga sai ga ƙuri'u da dama sun lalace. Wani ya dangwala a kan layin da ya raba jam'iyyu biyu. Wata ta naɗe takardar tun tawada ba ta bushe ba, ta shafi gidan wata jam'iyyar. Wani kuma ya rubuta sunansa a sama kamar takardar jarrabawa. Kuma yaran nan su ne suka ci darasin ilimin zama ɗan ƙasa da maki mai kyau. Ranar na yarda laifin namu ne, mu malamai.

Kuskurenmu na farko ke nan, kuma shi ne uwa uba: muna koyar da zaɓe don a ci WAEC da NECO. Yaro zai jero maka ayyukan hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ba gargada, amma bai taɓa ganin siffar takardar ƙuri'a ba. A zaɓen gwajin nan wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ina hoton ɗan takarar?" Ba ta san cewa a Najeriya alamar jam'iyya da taƙaitaccen sunanta kawai ake bugawa ba, babu suna, babu fuska. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, ƙuri'u 939,278 aka soke saboda sun lalace. Mutane ne suka sha rana a layi, aikinsu ya tashi a banza.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A yi gwajin a aji, da layi, da mai duba suna a rajista, da lungun da mutum zai shiga shi kaɗai. A miƙa wa kowa takardu uku, domin ranar zaɓen shugaban ƙasa uku ake bayarwa: ta shugaban ƙasa, ta sanata, da ta ɗan majalisar wakilai, kowace da akwatinta. A nuna musu su taɓa tawada kaɗan, su dangwala a tsakiyar gidan, su ɗan dakata ta sha iska kafin su naɗe. Bayan ƙirga a ɗaga lalatattun ɗaya bayan ɗaya, a bar ajin su gano abin da ya ɓata kowace.

Sai maganar rajista, inda muke barin yara a tsakiyar hanya. Ɗan zamani da wayarsa yana jin an ce ana rajista ta intanet, sai ya cike bayanai ya ce ya gama. Bai gama ba. Sai ya je da kansa ofishin INEC na ƙaramar hukumarsa ko wata cibiyar da aka ware, an ɗauki hoton fuskarsa da zanen yatsunsa. A rajistar da aka yi daga Yunin 2021 zuwa Yulin 2022, fiye da mutum miliyan 10 suka fara ta intanet, amma waɗanda suka je suka kammala ba su kai miliyan 4 ba. Bayan haka ma da sauran tafiya, domin 'yar takardar da ake ba mutum ranar rajista shaida ce kawai, sai ya koma ya karɓi katin dindindin. A 2023 masu rajista sun haura miliyan 93, katunan da aka karɓa kuwa miliyan 87 da 'yan kai ne. Ni dai yanzu a allo nake rubuta matakan uku, na bar su har ƙarshen zango: cike bayanai, ɗaukar yatsu, karɓar kati.

Akwai wani kuskuren da ke damuna ƙwarai, domin yaranmu ya fi kamawa. Ɗalibi ya yi rajista a gida, ya sami gurbin karatu a Zariya ko Maiduguri, sai ya sake sabuwa a can, a tunaninsa daidai ya yi. Laifi ne a doka, kuma na'urar hukumar tana gano yatsun da suka maimaitu. A waccan rajistar ta 2021 zuwa 2022 an soke rajista 2,780,756 a cikin duka waɗanda aka yi, ba na intanet kaɗai ba, yawanci saboda irin wannan. Wanda ya sauya gari, sauyin rumfar zaɓe zai nema. Wanda katinsa ya ɓata ko ya lalace, madadinsa zai nema. Katin kuma ba ya daina aiki don an yi zaɓe ɗaya da shi.

Wasu malaman sukan ce ai yaran ba su kai 18 ba, me za a wahalar da kai? To, mai 16 a yau shi ne mai 18 kafin a ankara, kuma daga ya bar hannunmu babu wanda zai zaunar da shi ya yi masa bayani sai mai neman ƙuri'arsa. Amma a faɗa musu ƙarara cewa ƙara shekaru don a sami kati laifi ne, ko da wani babba a unguwa ne ya ce zai tsaya musu.

Sai mu kanmu. Kowane malami yana da gwaninsa, ni ma ina da nawa, amma aji ba dandalin kamfe ba ne. Da zarar yara sun gane inda ka karkata, 'ya'yan ɗaya ɓangaren sun rufe kunne, iyaye kuma su fara zargin darasin gaba ɗaya. Shi ya sa nake amfani da tulu da fartanya.

Kada a tsaya a kan dangwale. A gaya musu ana buɗe rumfa da ƙarfe 8:30 na safe, duk wanda 2:30 ta same shi a layi yana da haƙƙin kaɗa ƙuri'arsa. Na'urar BVAS ce ke tantance mutum da yatsa, in ta ƙi karantawa a gwada fuska, saboda haka 'yan mata masu lalle kada su juya gida don yatsa ya ƙi. Ba a shiga lungun dangwale da waya. A rumfar ake ƙirga ƙuri'u a bainar jama'a, a rubuta sakamako a takardar EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu. Zaɓen ciyaman da kansila a jihohi kuwa ba na INEC ba ne, hukumar zaɓe ta jiha ke shirya shi, duk da cewa da katin nan ɗaya ake yi.

Bana na ƙara wani abu a zaɓen gwajinmu. Na sa wani ɗalibi ya zagaya layi a ɓoye yana raba alewa yana raɗa wa mutane su zaɓi tulu. Bayan ƙirga na tambayi wa ya karɓa. Hannuwa suka tashi a hankali, ana sunkuyar da kai. Sauran lokacin darasin a kan wannan muka ƙarar da shi, har aka kaɗa ƙararrawa ba su tashi ba.